Garin Gwamna da Baƙin Kwana Uku: Tarihin Ziyarar Iyali a Arewacin Kaduna

Idan aka jera manyan biranen Arewacin Nijeriya bisa tsufa, Kaduna tana cikin na baya-bayan nan, domin ba ta da ganuwa irin ta Kano ko ta Zariya, ba ta da hasumiya irin Gobarau ta Katsina, kuma shekarunta a matsayin gari ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Duk da wannan ƙuruciya, a cikin 'yan kilomitoci da ke tsakanin gadar kogin Kaduna da unguwar Kawo aka yanke mafi yawan shawarwarin da suka juya rayuwar mutanen Arewa a ƙarni na ashirin, kuma gine-ginen da aka yi waɗannan shawarwari a cikinsu suna nan tsaye, kusa da juna, inda magidanci mai ƙaramin ƙarfi zai iya zagaya su da iyalinsa cikin kwana biyu ko uku. Yadda hakan ta kasance yana da nasa tarihin, wanda ya ratsa ta kan hanyar jirgin ƙasa, da tsarin unguwanni na zamanin Turawa, da al'adar saukar baƙi wadda ta girmi garin nesa ba kusa ba.

Kafuwar garin

Kafin zuwan Turawa, ƙasar da Kaduna take a kanta daji ce mai ƙauyukan Gbagyi jefi-jefi, mutanen da Hausawa ke kira Gwari, kuma tana ƙarƙashin masarautar Zazzau. Bayanin da ya fi yaɗuwa game da sunan shi ne cewa ya fito daga kalmar kadduna, wato jam'in kada, saboda yawan kadojin da ke cikin kogin a wancan lokaci. Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, ya fara mulkin Arewa daga Lakwaja da Jebba, sannan ya kafa hedikwata a Zungeru a 1902, amma zafi da sauro da nisa daga manyan masarautu suka sa wurin bai gamsar ba. Da aka shimfiɗa layin dogo daga Baro, wanda ya isa Kano a 1911 bayan ya tsallaka kogin Kaduna, sai hankalin Turawa ya koma kan wannan mashigi, domin akwai ruwan sha, akwai fili wadatacce, akwai jirgi, sannan babu fadar wani sarki da za a yi zaman doya da manja da ita. A 1913 aka fara kai sojojin rundunar mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma, wadda daga taƙaitaccen sunanta aka samo sunan tsohon Titin Waff, kuma a 1917 hedikwatar lardunan Arewa ta bar Zungeru ta koma Kaduna.

Irin wannan ƙirƙirar gari domin mulki abu ne da masu mulkin mallaka suka yi a wurare da dama a wancan zamani. Ingilishi sun yanke shawarar mayar da hedikwatar Indiya daga Kalkata zuwa Delhi a 1911, Faransawa kuma suka ɗauke ta Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Abin da irin waɗannan garuruwa suka yi tarayya a kai shi ne cewa an zana su a takarda kafin a gina su, an kuma ware wa kowane rukunin mutane wurinsa. A Kaduna, bisa dokar birane ta 1917, an keɓe unguwar Turawa mai faffaɗan tituna da itatuwa a tudun da ke arewa da kogi, aka bar fili na yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakaninta da mazaunin baƙar fata, bisa hujjar kare Turawa daga zazzaɓin sauro. Can gefe aka yanka Sabon Gari domin akawuna da 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgi, inda har yau titunan ke ɗauke da sunayen garuruwa irin su Legas da Ibadan da Kano da Katsina, sannan Tudun Wada ta taso ta zama matattarar leburori da masu sana'a, galibinsu Hausawa. Babbar mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin Fatakwal ya haɗu da na Legas, tana kudu da kogi, amma ofisoshin mulki da barikokin soja duk suna arewa, wanda ya sa aka yi wa garin laƙabin garin gwamna.

Masauki iri biyu

Tun farkon kafuwar garin, baƙin Kaduna kashi biyu ne, kowane da irin masaukinsa. Jami'in gwamnati yana sauka a bariki, kalmar da aka aro daga sunan mazaunin soja a Ingilishi, wadda Hausawa suka faɗaɗa ma'anarta ta ƙunshi gidan saukar baƙi na gwamnati, daga baya ma ta ƙunshi duk wata rayuwa ta sabon gari inda mutum yake nesa da idon iyaye da dangi. Talaka kuwa bai san wannan masauki ba, kuma ko da ya sani ba zai shiga ba, saboda haka ya zo da tsarin da kakanninsa fatake suka yi amfani da shi a hanyoyin Gwanja da sauran zangon-zangon kasuwanci, wato tsarin mai masauki. Mai masauki shi ne ɗan gari, ko baƙon da ya riga ya zauna, wanda ke karɓar mutanen garinsu, ya ba su ɗaki ko zaure, ya ciyar da su, ya nuna musu hanya, su kuma su riƙe alherin har ranar da zai bukaci nasu. Sunayen unguwanni irin su Unguwar Kanawa da Tudun Nupawa shaida ce ta yadda mutane suka riƙa zama kusa da 'yan garinsu, ta yadda baƙon da ya sauka daga jirgi bai bukatar adireshi, sunan garinsu kawai zai faɗa a kai shi inda za a karɓe shi.

Wannan tsari yana da gindi a addini da al'ada. Koyarwar Musulunci ta tabbatar wa baƙo haƙƙin liyafa na kwana uku, abin da ya wuce haka kuma sadaka ce daga mai gida, Hausawa kuma suna cewa baƙonka annabinka, suna kuma tunatar da baƙon cewa shi raɓa ne, ba ya daɗewa. Daga nan tsawon ziyarar iyali ya samo ma'auninsa, domin kwana biyu ko uku sun isa a gaisa, a ga gari, a koma, ba tare da an ɗora wa mai gida nauyin da zai sa ya ƙosa ba. A Ingila, tafiyar shaƙatawa mai rahusa ta faro ne a matsayin sana'a, tun daga 1841 da Thomas Cook ya yi shatar jirgin ƙasa ya kwashi ɗaruruwan mutane daga Leicester zuwa Loughborough a kan sule ɗaya kowane mutum. A ƙasar Hausa rahusar ta fito ne daga zumunci, wanda aka ce a ƙafa yake, kuma kallon gari ƙari ne da ake samu a kan ziyarar dangi.

Zamanin Firimiya

Kaduna ta zama wurin da ake marmarin gani ne a shekarun da mulki ya fara komawa hannun 'yan ƙasa. Tsarin mulkin Richards na 1946 ya kafa wa Arewa majalisu biyu, ta wakilai da ta sarakuna, waɗanda suka riƙa zama a ginin nan mai ƙubba da ake kira Lugard Hall, inda Majalisar Dokokin Jihar Kaduna take a yanzu. Duk lokacin zaman majalisa, sarakuna kan zo da fadawa da dogarai da makaɗa, su sauka a gidajen da aka tanadar musu, garin ya cika da manyan riguna da rawuna. A 1954 Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiyan Jihar Arewa, a 1956 kuma aka cire Kaduna daga ikon Zazzau aka mai da ita yankin hedikwata mai zaman kansa. Manufar gwamnatin Sardauna ta damƙa aikin gwamnati a hannun 'yan Arewa ta jawo samari masu ilimin boko daga dukkan larduna, har ya zama da wuya a sami gari mai girma a Arewa da ba shi da ɗa akawu ko ɗan sanda ko soja ko masinja a Kaduna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata ya zama mai masauki ga danginsa, ko ya shirya ko bai shirya ba, kuma ƙidayar 1963 ta sami mutane kusan 150,000 a garin.

Manyan bukukuwa su suka fara jawo iyalai daga nesa domin kallo. A watan Fabrairu na 1956 an yi wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu hawan daba a filin sukuwa, wato gagarumin hawan dawaki da masarautu ke fitowa ayari-ayari su yi jahi a gaban babban baƙo. An sake yin irinsa a 1959 domin murnar samun mulkin kai na Jihar Arewa, sannan a 1977 aka yi wanda ya haɗu da bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya da Nijeriya ta karɓi baƙuncinsa, wanda dominsa aka gina Otal ɗin Durbar. Wannan fili shi ne Dandalin Murtala na yanzu, kuma kallon hawa a cikinsa bai bukaci komai daga talaka ba illa ya yi sammako ya sami wurin tsayawa.

Rediyo ma ya yi nasa aikin. Gidan rediyo da talabijin na Arewa ya fara aiki a 1962, kuma muryarsa ta isa ƙauyukan da mota ba ta zuwa, har ta tsallaka zuwa Nijar da Kamaru da Gana. Ta wannan kafa mutane suka san shirin gaishe-gaishe na Zaɓi Sonka da wasan kwaikwayon Samanja, ta nan kuma suka riƙa sauraron tafsirin azumi da Shehu Abubakar Mahmud Gumi, tsohon Alƙalin Alƙalan Arewa, yake gabatarwa a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki. Mutumin da ya shekara yana jin sunan masallaci a rediyo, ranar da ya shigo Kaduna ba zai koma gida bai yi salla a cikinsa ba, domin gani ya kori ji. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, da Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja a 1964, aka gina Otal ɗin Hamdala da filin wasa na Ahmadu Bello, jaridar New Nigerian kuma ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu, 1966.

Yadda gidajen mulki suka zama gidajen tarihi

Makonni biyu bayan fitowar wannan jarida, a daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kai hari gidan Firimiya, suka kashe Sardauna tare da matarsa Hafsatu. A watan Mayu na 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, Jihar Arewa ta kasu shida, Kaduna ta koma hedikwatar Jihar Tsakiyar Arewa kawai, wadda aka sauya wa suna zuwa Jihar Kaduna a 1976, aka kuma cire Katsina daga cikinta a 1987. Garin da aka gina domin mulkin yanki mai faɗin fiye da rabin Nijeriya ya wayi gari da gine-ginen da suka fi ƙarfin sabon matsayinsa, kuma wannan ragin matsayi shi ya buɗe ƙofofin da a da dogarai da 'yan sanda ke tsare da su.

Harabar gidan Sardauna da ke Titin Rabah ta zama Arewa House a 1970, cibiyar binciken tarihi da Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafawa, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A cikinta akwai ɗakin karatu, da tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami, wato Hausa ko Fulatanci da aka rubuta da haruffan Larabci, da takardun gwamnatin Arewa, da ɗakunan nuni masu hotuna da kayan da marigayi Sardauna ya yi amfani da su. Ofishin NPC, jam'iyyar Sardauna mai alamar fartanya, wanda ke kan Titin Ali Akilu, an mai da shi Gidan Tarihi na Ƙasa a 1975, inda ake ajiye mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a kudancin jihar kuma shekarunsu suka haura dubu biyu, tare da kayan tagulla da makamai da tufafin gargajiya, a bayan ginin kuma akwai rumfunan masu sana'ar hannu. A bakin kogi, lambun da ake kira Ƙofar Gamji, daga laƙabin da ake yi wa Sardauna, wanda a hukumance ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Arewa daga 1966 zuwa 1967, ya zama wurin da iyalai ke cika ranar Salla. A cikinsa ne ƙaramar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa take, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna, aka kuma sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Ita ce abin da ya girmi garin kansa a cikin duk gine-ginen Turawa da ke wurin.

Abin da ya sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi kallon waɗannan wurare shi ne zubin garin. Hanya ɗaya ce ta taso daga gada, ta bi ta gefen filin wasa da Kasuwar Shehu Abubakar Gumi da sunan Titin Ahmadu Bello, ta zarce da sunan Titin Ali Akilu har Kawo, kuma majalisa da dandali da gidan tarihi da masallaci da Arewa House duk suna kanta ko kusa da ita. Motocin haya suna bin wannan hanya tun asuba, kuɗin shiga gidajen tarihin gwamnati kaɗan ne idan aka gwada da na wuraren wasan yara na 'yan kasuwa, masallaci da kasuwa kuwa ba a biyan ko kwabo.

Lissafin tafiya

Kuɗin da iyali ke kashewa a irin wannan ziyara ya kasu gida huɗu, wato kuɗin mota, da masauki, da abinci, da tsaraba, kuma al'ada ta samar wa kowane ɗaya hanyar ragewa. A motar haya ƙananan yara kan zauna a cinyar iyaye, ba a biya musu kujera. Uwargida kan haɗa guzuri, wato abincin hanya mai jure zafi irin su dambun nama da ƙuli-ƙuli da soyayyen nama, domin kada a tsaya saye a tasha. Masauki da abinci suna kan dangi, amma baƙon da ya san ya kamata ba ya shiga gida hannu rabbana, yakan zo da abin da ya fi araha a garinsu ya kuma fi tsada a birni, kamar gero ko masara ko daddawa ko kuka ko man shanu, ta yadda tukunyar mai gida ba za ta ji nauyin ƙarin bakuna ba. Tsaraba, wato kyautar da matafiyi ke kai wa na gida, akan neme ta a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, wadda ta yi suna wajen gwanjo da teloli, kuma ana danganta sunanta da lokacin da aka mayar da 'yan kasuwa can suka rasa masu saye har suna barci a rumfuna. Galibi kuma ziyarar kan hau kan wani dalili da dole a yi tafiyar dominsa, kamar biki ko suna, ko ganin likita a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, ko rakiyar maniyyaci zuwa sansanin alhazai na Mando, ko bikin yaye hafsoshi, ko kasuwar baje koli ta duniya da ake yi a garin tun 1979, sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Sauye-sauyen baya-bayan nan

Abubuwa uku sun taɓa wannan tsari a cikin shekarun da suka biyo bayan komawa mulkin farar hula a 1999. Na farko shi ne rikicin addini na 2000 da na 2002, waɗanda suka ci rayuka masu yawa suka kuma sa mutane ƙaura, Musulmi suka fi taruwa a arewa da kogi, Kiristoci suka fi taruwa a kudu, har kogin da ya ba garin suna ya zama kamar iyaka. Manyan majami'u na Katolika da Angilika suna nan a tsakiyar gari ta arewa, kasuwa da ofisoshi suna haɗa kowa da rana, amma inda baƙo zai kwana ya koma bin addininsa fiye da yadda yake a da. Na biyu shi ne hanya, domin tsohon jirgin ƙasa ya durƙushe, zirga-zirga ta koma tashoshin mota irin ta Kawo, inda ake hawa zuwa Zariya mai nisan kilomita kusan 80 da Kano da Katsina, sai a 2016 aka buɗe sabon layin dogo daga Abuja zuwa Rigasa. Matsalar masu garkuwa da mutane a hanyar Abuja ta sa jama'a suka koma wa jirgin, har zuwa ranar 28 ga Maris, 2022, da aka kai masa hari aka dakatar da shi zuwa watan Disamba na shekarar. Na uku shi ne tsadar rayuwa, musamman bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga kuɗin mota da farashin abinci a lokaci guda, ya matse baƙo da mai masauki tare.

Garin kansa ma yana sauya fuska, domin an faɗaɗa tituna, an sake gina gadar sama ta Kawo, an rushe tsofaffin kasuwanni an gina sababbi, Otal ɗin Durbar kuma an rushe shi a 2020, abin da ke nuna cewa gini mai shekara arba'in ko hamsin ba shi da kariyar da tsufa ke bai wa ganuwa. Masu tsara birane na kamfanin Max Lock, a rahoton da suka fitar a 1967, sun yi hasashen yadda Kaduna za ta kasance har zuwa 2017, kuma garin ya kai wannan shekara yana da unguwanni irin su Rigasa waɗanda yawan mutanensu ya zarce na Kaduna baki ɗaya a lokacin da aka rubuta rahoton. A irin waɗannan unguwanni ne mafi yawan masu masauki suke a yau, a gidajen haya masu ɗaki ɗaya ko biyu, inda idan baƙi sun zo mai gida kan koma zaure ko shagon maƙwabci ya bar wa mata da yara ɗaki.

Daga waɗannan ɗakuna ne iyalai ke fitowa da hantsi, su hau keke mai ƙafa uku, su ratsa tsohon filin da dokar 1917 ta hana gini a cikinsa, su shiga unguwar da a zamanin Lugga baƙar fata ba ya kwana a ciki sai in kuku ne ko boyi, yaran makaranta su tsaya a harabar da sarakuna da ministoci suka taɓa jiran a yi musu iso. Ranar komawa kuwa, bisa al'adar da ba ta sauya ba tun zamanin fatake, mai masauki ne ke rako baƙinsa har tashar Kawo, ya cusa wa uwargida sabulu ko turmin atamfa a jaka, ya kuma yi jayayya da mijinta a gaban ɗan kamasho a kan wanda zai biya kuɗin mota.